Goggo Verna da Safar Alkama

Ranar Litinin, 10 ga watan Maris, Allah ya yi wa Goggo Verna Sawchuk rasuwa a gidanta da ke nan Lethbridge, tana da shekara saba'in da takwas. 'Yarta Denise ce ta kira ni da hantsi, ta ce zuciya ce, kuma ba ta sha wuya ba. Ina tsaye a kicin ina jiran safata ta alkama, wadda nake ɗorawa a ido, ta yi ɗumi wayar ta shigo. Na'urar ɗumama abinci ta gama ta yi ƙara, na kasa miƙa hannu in ɗauko. Dukanmu na Allah ne, can kuma za mu koma.

Goggo, ba zan iya faɗin ko ke wace ce ba sai na faɗi inda kika tsince ni.

Wata Asabar ce, a sanyin farko bayan aurenmu da Clayton. Ya fita aikinsa na layin dogo, ni kuma na haɗa shayi na naɗe a kujera da sabon littafi. Tun ina yarinya haka nake, a ba ni ƙaramin littafin soyayya a ja mini ƙofa, an gama da ni. Ban kai shafi na uku ba na ji kamar an watsa mini yashi a ido. Na wanke, na murza, na kwanta. Da na tashi fatar idona ta manne, sai da na sa yatsa na raba ta. Na ce gajiya ce. Yau shekara uku ke nan yashin bai fita ba.

Na ga likitoci, kuma ba zan ce sun ƙi ni ba. Sun haska mini fitila, sun maƙala 'yar takarda a gefen idona don auna hawaye, ta fito kusan a bushe. Sun ɗebi jini, jini ya ce lafiyata lau. Kowa ya yarda idon a bushe yake, babu wanda ya iya cewa ga dalili. Rashin dalilin nan ya fi raɗaɗin cin raina. Ciwon da ba shi da suna mai ban tsoro, ba a kawo wa mai shi abinci gida, ba a sa shi a addu'a ranar Lahadi. Surukata ta ce littattafan nan ne suka shanye mini ido. Wata ƙawata ta ce ita ma nata yakan bushe, in riƙa shan ruwa. Clayton, bawan Allah, ya sayo na'urar feso tururi a ɗaki, ya toshe mashigar iskar mota ta gefena, sannan dabara ta ƙare masa, ya koma kallona da tausayi. Na zuba littattafaina a kwali na tura ƙarƙashin gado. Na daina fita idan iskar garin nan ta taso, ita kuwa kowa ya san ba ta hutu.

A kantin magani kika same ni, ina tsaye gaban kwalaben ɗigon ido ina ƙifce-ƙifce, na kasa karanta rubutun jikinsu. Sai ga wata gajeriyar tsohuwa da tabarau irin na masu ninkaya, ta zare kwalbar hannuna ta mayar wurinta.

"Wannan na masu jan ido bayan biki ne, ba naki ba," kika ce. Kika dubi zoben hannuna. "Amarya, tun yaushe idon ke cin ki?"

Na faɗa miki. Na jira in ji tambayar da kowa ke yi, ko na gwada kaza, ba ki yi ta ba. Kika ce in zo ranar Alhamis da la'asar ɗakin ƙasa na laburaren unguwa, in taho da safa mai tsabta. "Taki," kika ce, "ba ta mijinki ba."

Na je ne don kunyar idonki kawai. Na tarar da mutum tara a zagaye, fitila a rage, an rufe mashigar iskar ɗakin da tawul. Kika karɓi safata kika cika ta da alkama daga gonar ƙanenki, kika ƙulle bakinta, kika ɗumama. Kowa ya jingina ya ɗora tasa a ido. Ɗakin ya ɗauki ƙamshi kamar ana gasa burodi. Sai da kika tabbata babu idon da ke buɗe, sannan kika ce in yi magana.

Dokarki ke nan, baƙo ba ya faɗin damuwarsa sai an rufe ido. Kin ce an duba idanunmu har an gaji, a nan saurare ake yi. Na daɗe ina magana ran nan. Na faɗi abin da ban taɓa gaya wa Clayton ba, cewa ina tsoron ya auri mace mai dariya ya wayi gari da mai zama a duhu. Babu wanda ya katse ni. Doka ta biyu kuwa, duk wanda ya ce wa wani "ka gwada kaza?" ba a tambaye shi ba, shi zai kawo kek mako mai zuwa. Orval Haugen, tsohon direban babbar mota, shi ya fi kowa ciyar da mu. Kina ce masa Direba, yana ce miki Shugaba, kuma ban taɓa ganin kun rabu ba ku yi faɗa a kan ko wa ya ƙona safar wa ba.

Daga baya na ji yadda kika fara. Shekara ashirin da suka wuce kika binne mijinki Walter, kika tsaya a bakin kabari zuciyarki na tsagewa, idonki ƙamas. Wata dangin miji ta faɗa a bayanki, kina ji, cewa ko ɗigo ɗaya ba ki yi masa ba. Kin ce daga ranar kika ɗaura niyyar nemo masu irin idonki, ko mutum biyu ne, ku zauna inda babu mai auna baƙin cikin wani da ruwan fuskarsa. Kika yi ta tare mutane a kantin magani. Wasu sun ɗauka talla kike yi.

Abin da ya riƙe ni shi ne ƙarshen zama. Idan an gama magana, an sake ɗumama safa, sai ki ɗauko littafi ki karanta mana. Wani siririn littafi ne mai shuɗin bango, labarin wata bazawara mai tuƙa kwalekwalen fito da wani baƙo mai kiwon zuma. Na san littafin, yana cikin kwalina, na karanta shi har bangon ya cire. Rabona da labari kusan shekara, sai ga shi yana shigo mini ta kunne, alkama na ɗumama mini fuska. Na koma gida ran nan Clayton ya ce ya ga haƙorana.

Amma bayan 'yan makonni na fara jin baƙon abu. A littafin, mai zuman yana nutsewa a kogi lokacin ambaliya. A bakinki kuwa ya kama reshe ya fito, har ya zauna yana shan miya a gidan bazawarar. Na ce ko mantuwa na yi. Mako na gaba sai ga wata 'yar'uwarsa ta sauka daga jirgin ƙasa, wadda na rantse babu ita a ko'ina. Na kasa haƙuri, na ɗaga safata kaɗan na leƙa.

Idonki a rufe yake, Goggo. Taki safar na kan fuskarki kamar ta kowa. Littafin na kan cinyarki, kina juya shafi lokaci-lokaci don mu ji ƙarar takarda.

Da aka tashi kika ce in taya ki kai jaka mota. Muna fita kika ce, ba ki ko dube ni ba, "Kin leƙa."

"Goggo, a littafin ai mutuwa ya yi."

"A littafinsu ya mutu. Ni ban gama da shi ba."

Kika gaya mini rabonki da iya karanta shafi guda tun kafin in zo. Kin ce idan suka sani za su fara tausaya miki, tausayi kuwa shi ke kashe zama irin wannan. Kuma Orval zai ce shi zai karɓi karatun, alhali yana karatu kamar mai kiran sunayen garuruwa a bakin hanya. Sannan kika tsaya da mabuɗin mota a hannu kika tambaye ni, ni da na ƙoshi da irin waɗannan littattafan, me ya kamata 'yar'uwar nan ta zo da shi. Na ce ta zo da labarin cewa yana da mata a wani gari. Kika yi dariya har kika dafa mota, kika ce ashe Amarya muguwa ce.

Tun daga nan muka zama mu biyu. Ina wanke-wanke ina saƙa abin da zai faru, ina kiranki ranar Laraba in zuba miki, ke kuma ki zaɓa ki watsar da rabi. Duk rayuwata ana ce mini mai mafarki da rana, malamai sun faɗa, uwata ta faɗa. Ke ce mutum ta farko da ta ce a kawo mafarkin, akwai masu bukata.

Sau ɗaya muka saɓa. Na zo da murna an ba ni ranar ganin wani likita a Calgary, na ce idan na warke zan riƙa leƙo ku. Kika ce Allah ya sa, kuma in je, in ma an ce akwai wani a gaba in ƙara gaba. Amma kika ce kada in ajiye rayuwata a kwali tare da littattafai ina jiran shafin ƙarshe, domin ke kin yi jiran, ya ci miki shekaru. Na ji haushi. Shekarata ashirin da shida, ba na son a haɗa ni da mai shekara ashirin cikin ciwo. A labaran da na saba, wahala tana da babi, tana ƙarewa. Na yi mako biyu ban zo ba. Ba ki kira kin yi mini faɗa ba, sai dai na buɗe ƙofa wata safiya na tarar da ƙullin sabuwar alkama a kan dakali. Likitan Calgary mutumin kirki ne, ya canza mini ɗigo, na ɗan samu sauƙi. Dalili dai shi ma bai gani ba.

Ranar jana'izarki mun cika benci guda a coci, mu da tabaranmu. Na yi miki kuka, Goggo, irin namu, ƙirji na girgiza, fuska a bushe. Denise ta zo ta rungume ni, ta ce kada in damu, a gidan masu irin kukan nan ta tashi. A wurin cin abinci ta damƙa mini jakarki. Littafin na ciki, da buhun alkama, da mabuɗin ɗakin ƙasa. Ta ce mutanen laburare sun yi mata ta'aziyya, sun kuma ce idan babu wanda zai ɗauki nauyin zaman, akwai masu jiran ɗakin. Na ce mata zan yi tunani. Gaskiya tsoro ne ya kama ni. Karɓar mabuɗin nan a wurina kamar sa hannu ne cewa ni ma na zama 'yar gida, ba baƙuwar da ke jiran warkewa ta wuce ba.

Kin taɓa ce mini idan kin mutu in faɗi asirin littafin, ba ruwanki. Na samu Orval a gefe yana fama da farantin kabeji, na ce akwai abin da ya kamata ya sani game da karatun Goggo. Ya ajiye cokali.

"Amarya, ke kaɗai ce mai leƙe? Littafin da bai kai kaurin yankan burodi ba, mun fi shekara biyu a cikinsa. Idonmu ne ya bushe, ba kanmu ba."

Na tambaye shi me ya hana su magana. Ya ce wa zai tsokano Shugaba a rasa mai ceto mutumin nan daga kogi. Ya ciro kwalbar ɗigonsa ya ɗiga a ido, ya daɗe yana goge abin da ya gangaro. Sannan ya ce ranar Alhamis ɗin ƙarshe an tsaya bazawarar na tsakiyar ruwa, matar mai zuma na jiranta a gaɓa, shi kuma Orval ya tsufa, ba zai jure a bar shi a tsakiyar labari ba.

Na gaya wa Clayton a mota cewa zan karɓi zaman. Ya tambaye ni ko zan iya magana gaban mutane, ni da muryata ke rawa idan ina odar abinci. Na ce ai idonsu a rufe yake. Ya ce to alkama dai kada ta dame ni, ya san manoma.

Allah ya ji ƙanki, Goggo Verna. Ya yafe miki kurakuranki, ya sa ki huta inda babu iska mai yanka ido, ya haɗa ki da Walter ki yi masa kukan da kika daɗe kina riƙe da shi, na murna wannan karon. Ina miƙa ta'aziyyata ga Denise da mijinta da 'ya'yansu, da ƙanenki Myron wanda gonarsa ta ɗumama fuskokin mutanen da bai taɓa gani ba, da 'yan zaman Alhamis duka. Allah ya ba mu haƙurin rashinki, ya sa mu cika da kyau idan tamu ta zo.

Ban daina neman dalilin ciwona ba, akwai wani gwajin da zan je a bazara. Jiya kuma na ga wata mata a kantin magani tana ƙifce-ƙifce gaban kwalabe, na ce mata ta zo da safa mai tsabta. Na je laburare na ba da sunana, Marnie Wiebe. Ranar Alhamis zan buɗe ɗakin, in ɗumama alkama, in zauna a kujerarki.