Takin Alhaji A Gonar Baba

Ko zan manta komai a duniya, ba zan manta ranar da na ɗauki taki a ka da digirina ba. Shekaru sun ja, amma har yau in na ji warin taki da bazara sai in ji wuyana ya amsa.

Mu mutanen wani ƙauye ne a gefen Ɗambatta, inda gona ke manne da gona, shingen lalle kaɗai ke raba ta wane da ta wane. Gonar kirki ɗaya Baba yake da ita, ta bayan gida wadda ya gada, mai ɗorawa biyu a tsakiya. Ina aji uku a jami'a, ina karanta koyarwa, aka ƙara kuɗin rajista. Bashin karatun da ake bai wa ɗalibai yanzu ba a fara shi ba tukuna. Baba bai yi shawara da kowa ba, ya jinginar da gonar ga maƙwabcinmu, wani Alhaji mai fataucin hatsi wanda gonarsa ke jikin tamu. Ƙa'idar jingina a garinmu kowa ya san ta. Mai kuɗi zai yi ta noma gonar har ranar da aka mayar masa da kuɗinsa, kuma in ya riga ya zuba taki, daminar shekarar tasa ce. Su kuma suka ƙara sharaɗi a gaban mai unguwa, cewa in damina ta biyar ta sami gonar a hannun Alhaji, zai cika wa Baba kuɗi ta zama tasa har abada.

Da Baffa, ƙanin Baba, ya ji labari, har tsakar gida ya shigo yana faɗa. "Yaya, da likitanci take karantawa sai in ce to. Koyarwa fa? Ka ba da gonar gado don a koyi riƙe alli?" Ina ɗaki ina jinsa. A ranar na ɗauki alkawari a raina cewa da kuɗin allin nan zan fanso ta.

Alkawari a ɗaki ba wuya. Na gama karatu, na yi bautar ƙasa, damina uku sun tafi. Aikin gwamnati na nema har takalmina ya cinye, ban samu ba. Wata makarantar kuɗi ce ta ɗauke ni a unguwar Bacirawa, can birni, ina zaune wurin Goggo. Ranar da aka miƙo mini albashin farko na buɗe ambulan a bayan aji, na leƙa ciki ko wasu sun maƙale. Bai kai kuɗin buhun gero ba. Daga baya kuma na gane in an yi dogon hutu ba a biya ko sisi. Ban yi kuka ba, don ni in raina ya ɓaci taurin kai nake yi. Na nemi gidaje biyu a Rijiyar Zaki ina koya wa yaransu karatu da yamma, na daina sayen atamfa, na shiga adashin malamai na zaɓi ɗauka ta ƙarshe. Da na haɗa da abin da na tara a bautar ƙasa, kuɗin zai cika cif a ƙarshen watan huɗu, kafin damina ta biyar.

A nan na yi wautar da 'yar manomi ba ta kamata ta yi ba. Saura kwana tara wata ya ƙare Inna ta kira ni a waya. "Hadari fa ya fara haɗowa ta gabas, mutane sun fara kai taki." Na ce, "Inna, kada ki damu, ai da sauran lokaci." Da na roƙi mai adashi ta musanya mini ɗauka, da ta yi. Amma ni kalandar bango nake kallo, na manta manomi sama yake kallo.

Da wata ya ƙare na ɗauki adashina, ranar Asabar da hantsi na sauka daga motar Ɗambatta, kuɗin na ƙulle a jaka ƙarƙashin hijabi, ina ta murmushi ni kaɗai. Na bi ta bayan gida don in fara gaisawa da gonar. Sai na tarar da tsibin taki baƙi ƙirin a jere, daga shinge har shinge. Baba yana zaune a gindin ɗorawa, ya miƙe ƙafarsa mai ciwon gwiwa. Ya ce, "Sannu da hanya. Shekaranjiya aka kawo. Allah bai yi ba, shiga ki sha ruwa."

Ban sha ruwan ba. Na lallaɓa Baba muka tafi zauren mai unguwa, aka aika Alhaji ya zo. Gaskiya Alhaji ba mugu ba ne, kuma maganarsa a kan hanya take. "Malama, ni ban zalunci kowa ba. Na jira har na ga hadari. Na biya masu jakai, gobe da sassafe masu bazawa za su shiga."

Na durƙusa gaban mai unguwa na ce, "Ranka ya daɗe, ina da tambaya. Me ya sa aka ce in an zuba taki ba a fansa?"

Mai unguwa ya dube ni ta saman tabarau. "Don kada wani ya ci amfanin takin wani."

"To ai gonar ba ta ci komai ba tukuna. In takin ya koma gonar Alhaji fa?"

Ya shafa gemu, sannan ya ce in kafin magariba ba a bar tsibi ko ɗaya ba, Alhaji ya karɓi kuɗinsa. Alhaji ya yi dariya ya ce ya yarda. Ya san duk jakan garin suna kan aiki, ya kuma san kuɗina babu rarar da zan biya ɗan ƙwadago.

Na shiga gida na ɗaura tsohon zanin Inna, na naɗa gammo, na ɗauki kwando. Tsibi talatin da biyu ne. Baba yana zuba mini da shebur daga zaune, ni ina tsallaka shinge ina juyewa a gonar Alhaji. Takin yana zubo mini a fuska, rana kuma kamar a tsakiyar kaina aka kafa ta. Mutane suka fara tsayawa a bakin hanya. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta ce, "Malama, wannan kuma wane darasi ne?" Na ce, "Na noma ne, Iya, shigo aji." Na ba ta amsa da dariya, amma kunya kamar ta kashe ni.

Da azahar tsibi shida na kwashe. Da la'asar tsibi sha ɗaya, kuma ko ɗan aji biyu ya san lissafin ba zai fita ba. Baba ya ajiye shebur, idonsa ya yi ja. "Ki bari haka, 'yar nan. Ni na yafe gonar." Na ajiye kwandon a gabansa na ce, "Baba, zuba."

Ina dawowa daga sawu na gaba na ji ƙarar amalanke. Baffa ne da shanunsa biyu, fuska a murtuke. Bai yi sallama ba ma. Ya karɓe shebur ya ce, "Matsa, 'yar boko, ko gammo ba ki iya naɗawa ba." Ganin Baffa ya shigo, maza biyu daga masu kallo suka tuɓe riguna. Ban matsa ba, na ci gaba da kwandona a gefensu. Ladan yana gyaran murya muka kankare tsibi na ƙarshe.

A bakin shinge na miƙa wa Alhaji kuɗinsa a gaban mai unguwa, hannuna duk taki. Ya karɓa ya ce, "Malama, in kin gaji da alli ki zo in ɗauke ki aiki." Baba ya miƙe. Ya dogara sandarsa ya zaga gonar a hankali, kusurwa zuwa kusurwa, sannan ya dubi Baffa ya ce, "Gobe ka zo da shanun, mu kai namu."

Har yau ina koyarwa, kuma har yau albashin bai taka kara ya karya ba. In ɗalibaina suka ce za su ci bashi su karanta koyarwa, ba na hana su. Ina dai ce musu su fara tambayar nawa ake biyan malami, su kuma san mai bin bashi ba ya jiran ƙarshen wata. Abin da ranar ta koya mini shi ne, duk abin da aka jinginar dominka, kai za ka fara sunkuyawa ka ɗauka kafin wani ya kawo amalanke. Baba ya noma gonarsa damina shida kafin ya rasu, kuma duk shekara damin geron farko ni yake aiko wa.