Da Hannuna Na Rubuta Inda Take Kwana

Su biyu suka shigo laburaren, jami'an shige da fice sanye da kaki, wajen hantsi, suka ce a ba su littafin da masu shigowa ke sa suna. Ina zaune bakin ƙofa, fensir a bayan kunne. Babban ya dinga lasar yatsa yana juya shafi har ya tsaya, ya karanto da ƙarfi: sunan wata mace, daga Chadi, tana kwana a wani gida bayan PZ a nan Zariya. Rubutuna ne. Baƙaƙe manya-manya kamar sawun agwagwa, ko makaho ya san nawa ne.

A lokacin na haura sittin, ina toya waina a Samaru, wayar salula ta fara shigowa gari ke nan. Shekarata biyu a ajin yaƙi da jahilci da ake yi mana a wani ɗaki na laburaren. Ina iya rubutu sai na zama annoba, har bangon ɗakina bai tsira ba. Malamar da ke kula da wurin, Kirista ce 'yar Wusasa, ta ga zumuɗina ta ce in riƙa sa wa waɗanda ba su iya ba suna a littafin. Suna kawai ta ce. Ni kuwa na ga gurbi uku a shafin, na suna, na gari, na adireshi, na ga ɓarna ce a bar biyu fayau.

Matar nan yaƙi ta gudo wa, ba ta da takarda ko ɗaya. Ta yi aikatau gidan wani mutum a Sabon Gari, ya fara kai mata hannu, ta bar gidan, shi kuma don haushi ya je ya tona ta. Da rana ba inda za ta zauna ba a tsare ta da tambaya ba sai laburare: ga fanka, ga ruwa a randa, ba mai cewa daga ina kike. Malama ta san komai, shi ya sa ba ta taɓa miƙa mata littafin ba. Ni ce na ga ta wuce ba ta sa suna ba, na bi ta har kujera. Ta ga tsohuwa, ta yarda da ni, ta gaya min da Hausarta guntu-guntu. Na zauna na cike gurbi uku tsaf, ina jin kaina.

Ranar da suka zo, Malama ta hango motarsu ta taga, ta tura matar ɗakin tsofaffin jaridu. Babban ya tambayi wa ya yi rubutun. Na ce ni ce, ɗana, in da laifi ga ni. Ya yi dariya ya ce Iya ta taimaki hukuma, in zo ofis a ba ni aikin sakatare. Na ce masa ya fara kai uwarsa tukuna. Malama ta tsaya a ƙofar ciki, ba ta ɗaga murya ba, ta ce nan wurin karatu ne, in bincike za su yi su kawo takarda daga sama. Ba su shiga ba. Amma adireshin sun kwafe shi a gabana.

Kafin azahar sun je gidan. Mai gidan hayar ya tsorata ya watso kayanta waje, keken ɗinkin da take ci da shi ya bi hannun mutane. Da la'asar na ɗaura mata zanena, na yafa mata mayafi, na ɗora mata tandar waina a ka, muka fita ta gaban kowa. Wata biyar ta yi a ɗakina. Maƙwabta na ce musu 'yar ƙanena ce daga Borno, wadda ta matsa da tambaya na ce ta je ta ji da mijinta. Malama kuwa ta yi ta aika wasiƙu ga masu kula da 'yan gudun hijira, har suka amsa cewa ta zo Legas a duba zancenta.

'Yan uwana tsofaffi da kuka koyi biro da furfura, ku ji ni. Magana takan bi iska, rubutu zama yake yi ya jira wanda zai zo ya karanta, kuma ba ke za ki zaɓi wanda zai zo ba. In kika ga mai wuri ta bar gurbi fari, tambaye ta dalili kafin ki cike.

Ni na raka ta tasha. A bakin mota na gaya mata gaskiya, cewa ni na rubuta, don duk watannin nan ban iya faɗa ba. Ta ce ta sani, ta ji muryata daga ɗakin jaridu. Na ce to ta yafe min. Ta ce ta yafe tun ranar tanda, amma Zariya ba za ta ƙara gani ba. Na tura mata ƙunshin waina ta taga, direba ya ja mota.