Mataccen Itace

Shekarar da ma'aikatan daji suka tsananta a Gure, aurena ya mutu, na dawo gida da akwatina da bakina. Yayana ne ke gasa burodi, ni nake kai shi bakin tasha in sayar. Da wannan burodin gidanmu duka yake ci tun rasuwar Baba.

Doka ta ce kada a sare ɗanyen itace, sai dai matacce. Ba zan ce ba su da gaskiya ba, don kowa yana ganin yadda tudun rairayi ke matsowa, yau ya ci gona, gobe ya ci rijiya. Amma tsohon tanderun Yaya, kai, wani irin maƙoshi gare shi! Gungume guda yake haɗiyewa kafin ya yi zafi. Masu kawo itace suka ɗauke ƙafa saboda tara, mataccen da ke kusa da gari kuma mata sun tsince shi tas. Muka fara kwana ba a hura wuta ba.

Yaya ba mai magana ba ne, amma kansa yana ja. Ya samo tano biyu na ƙarfe, irin duron mai ɗin nan, ya yanka, ya saka ƙarami cikin babba, ya shafe su da laka, ya bar ɗan baki ƙarami a ƙasa. Masu burodin unguwa suka yi ta dariya, wai ya koma gasa wa ƴan tsana. Ni ma na tsokane shi, na ce, "Yaya, wannan kaskon turare ne ko tanderu?" Da aka hura, itacen da ake dafa tuwon gida da shi ya gasa burodin yini. Masu dariyar nan kuwa sai ga su suna leƙe ta katanga. Aibinsa ɗaya ne: ba ya cin dogon itace, sai gajere, busasshe ƙarau.

Ana haka wani mai amalanke ya ɓullo mana daga wajen Gidigir. Baƙo ne, ba mu san asalinsa ba. Itacensa kamar don tanderun aka yi shi: gajeru, duk tsawonsu ɗaya, babu ɓawo, baƙaƙe, ba nauyi. Kuma da araha. Wani ma'aikacin daji ya tare shi a ƙofarmu, ya zaro guda ya karya a gwiwa, ya sansana, ya ce babu laifi.

Ni dai tun farko jikina bai ba ni ba. Wutar itacen nan ba ta ƙara, ba ta tartsatsi, ci take yi shiru. Warinta irin na ƙasa ne idan ruwan farko ya sauka. Jakin mutumin kuma kullum sai ya juya wa kayan baya idan ana saukewa, yana rawar fata. Na ce masa, "Malam, wai a wane daji ake samun itace duk kai ɗaya haka?"

Bai kalle ni ba. Ya ce, "Ba matacce suka ce ba? To, wallahi babu itacen da ya kai wannan mutuwa."

Burodi ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Har daga Kelle direbobi suke aiko a ajiye musu. Muka ci, muka ƙoshi, na bar tambaya.

Inna, mahaifiyarmu, ba ta zuwa gidan burodi. Ran nan ta dawo daga gaisuwar mutuwa da hantsi, ta biyo ta sha ruwa. Ta tsaya gaban tarin itacen, ta daɗe. Ta ɗauki guda, ta gwada shi da hannunta, ta duba saran da ke bakinsa biyu, ta kankare wata busasshiyar laka da ke manne a gefe ɗaya.

"Kashe wutar nan," in ji ta.

Yaya ya ce, "Inna, burodi na ciki."

"Na ce ka kashe! Ku ba ku da ido ne? Itacen kabari ne wannan. Shi ake jerawa a kan mamaci a liƙe da laka, don kada ƙasa ta taɓa shi."

Innalillahi.  Yaya kuwa, da ya sha zuwa maƙabarta, ya tsaya baki buɗe. Shi ɗanye ya saba gani, fari, da ganyensa. Bai taɓa ganin wanda ya tsufa a ƙasa ba.

Da mai amalanken ya dawo washegari, na yi masa tas, ban rage komai ba. Bai musa ba. Ya ce shi bai tona kowa ba, iska ce ta tona, shi tsinta ya yi. Inna ta ce a loda sauran itacen, ya kai mu wurin.

Rana tana tsaka muka isa. Wani kwari ne a bayan tudu, babu bishiya, babu tsuntsu, babu ko ƙuda. Iska ta kwashe rairayin ta mayar gefe, ta bar ƙasa mai tauri. A kanta ramuka ne a jere, dogaye, duk sun miƙe hanya ɗaya. Waɗanda mai amalanken bai kai gare su ba, kan itacensu ya ɗan leƙo waje. Waɗanda ya kwashe kuwa a buɗe suke, rairayi yana zurara ciki a hankali, yana wani ɗan sauti kamar ana tankaɗe. Na leƙa ɗaya. Ban sake leƙa wani ba.

Inna ta juya tana kallon tuddan, ta dubi wani zoben rijiya da ya fito rabi. Sai ta gane wurin. Ashe ƙauyensu ne, wanda rairayi ya binne tana amarya, aka watse. Mu labari kawai muke ji, ita kanta ta ɗauka ya ɓace ke nan.

"Uwata tana nan," ta ce. "A nan muka bar ta."

Yaya ya dubi amalanken, ya dube ni. Na san abin da ke ransa, don shi ne a raina ni ma: in aka mayar da itacen nan, gobe babu wuta, babu burodi, babu cefane. Ya ce a hankali, "Inna, to da me zan gasa?" Ba ta ko waiwaye shi ba. Shi ne ya tuɓe riga ya fara saukewa, ni ina miƙa masa, mai amalanken yana kwaɓa laka da ruwan jarkarsa.

Itacen bai kai ko'ina ba. Ya ƙare, ramuka da yawa suna nan a buɗe, domin nasu mun riga mun ƙone, mun sayar a tasha, mun ci da shayi. Inna ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana dubawa, ba ta gane komai ba. A bakin wani ta durƙusa, ta cire mayafinta, tsohuwar da ban taɓa ganin kanta a buɗe a waje ba, ta shimfiɗa shi a kan ramin, ta danne gefunansa da rairayi.

Ta ce, "Ban sani ba ko ke ce. Ki yi haƙuri, jikokinki ne."