Anti Tambaya da Ƙofofi Tamanin da Huɗu

Shekara ashirin da shida Anti Tambaya ta yi tana bin gidajen mutane da takarda da fensir. Ofishin bincike na hukumar jin daɗin jama'a ne ke aika ta, ita kuma ta je ta tambayo: ku nawa ne a ɗakin nan, wa ke aiki, ina kuke ɗebo ruwa. Karnuka sun bi ta, an watsa mata ruwan wanki, wani tsoho ma ya taɓa neman aurenta tun ba ta kai tambaya ta biyar ba. Gwiwarta ta hagu ta daɗe da yin ritaya, ita ce dai ta ƙi. Mijinta tela yakan ce bai taɓa ganin wanda ake biya don ya sa baki a abin da ba ruwansa ba sai matarsa.

Dokar aikin ba ta da wuya. In ka tarar da ƙofa a kulle, ka sa alama a gurbin "ba kowa", ka wuce gaba. Haka ta yi ta yi shekara da shekaru, ba ta taɓa musu ba.

Sai aka zo kan unguwar da ke bayan masaƙa. Hukuma tana da wani gini a can, ana shawarar ko a mai da shi gidan renon yara ko a bar shi ma'ajiyar kaya, aka ce bincike ne zai raba gardama. Aka tura ta daga goma na safe zuwa biyu na rana, ƙofa ɗari biyu. Ɗari da sha shida suka buɗe, tamanin da huɗu kuwa kwaɗo ne a jikinsu. Wannan karon ta dawo da takardun, gurbin nan fes, ko ɗigon fensir babu.

Dakta, matashin da ke haɗa rahoto a kwamfuta, ya kira ta. Yaro ne mai ladabi, sai dai bai taɓa taka unguwar ba.

"Anti, kin manta wasu gurabe. Cike mini su, rahoto ya riga ya fito. Gida tara cikin goma akwai babba da rana, kin ga ba a buƙatar gidan reno."

"Ban manta ba, ɗana. Tara cikin goma na waɗanda suka buɗe dai ko? To wanda ke gida ai dole ya buɗe. Masu buƙatar gidan renon su ne suka kulle suka tafi masaƙa."

"Ba mu da hujja, Anti. Abin da aka rubuta muke bi."

"Ni nake rubutawa, kuma na ƙi."

Abin ya ci mata rai ƙwarai, don ta san kwaɗon nan ciki da waje. Lokacin da 'yarta ta fari ke da shekara huɗu, ita ma takan ajiye mata ruwa da abinci a ƙasa, ta kulle ta, ta tafi tambayar wasu yadda suke rayuwa. Har yau in ta tuna kunya ke kama ta, da haushin kanta, da na duk wanda ya bar ta ba yadda za ta yi.

Ranar da za a sa hannu a rahoton ba a gayyace ta ba. Ta tura ƙofar ɗakin taron ta shiga da ɗingishinta. Darakta, shugaban ofishin, ya dube ta ta saman tabarau, ya tuna mata cewa wata biyar ya rage ta ajiye aiki, kada ta ɓata wa kanta suna a banza.

"Ranka ya daɗe, sunan ya ɓaci, ba komai. Rabin awa nake roƙo. Ka zo ka ƙwanƙwasa ƙofa ɗaya da hannunka, in ba kowa, ni da kaina zan cike duka in kuma ba ka haƙuri a gaban kowa."

Ya yarda ne kawai don ya rabu da ita. Sha ɗaya da 'yan mintoci suna tsaye a wani lungu, Dakta na riƙe da fayil, Darakta na kaffa-kaffa da takalminsa saboda kwata. Ya ƙwanƙwasa sau uku. Shiru. Ya juyo yana shirin magana, sai ta dafa bango ta durƙusa da ƙyar, ta kai bakinta kusa da ƙasan ƙofar.

"'Yar kirki, ni ce Antin rannan."

Aka ji motsi, sannan wata 'yar siririyar murya ta ce, "Mama ta ce kar mu amsa wa kowa."

"Kin kyauta. Ku nawa ne a ciki?"

"Ni da ƙanwata. Ta yi kuka, na ba ta ruwa, ta yi barci."

Anti Tambaya ta miƙe, ta karɓi takardar daga hannun Dakta, ta miƙa wa Darakta haɗe da fensirinta.

"Ga gurbin 'ba kowa' nan, ranka ya daɗe. Ni hannuna ba zai iya ba, kai ka sa. In ka gama mu ƙarasa, saura tamanin da uku."