Zaren da Na Kai Jidda

Makka zuwa Bahra

Ana idar da sallar asuba na fito daga gidanmu a unguwar Hindawiyya, da taswirar makaranta da ɗan zare a aljihu. Jidda za ni, in tarbo Baffa Sule, ƙanen Baba. Shekara ashirin rabon su da juna. A iyakar Wadai da Sudan suka raba hanya, suna kan hanyar zuwa hajji. Baba ya ce iyakar ta fi ta Katsina da ƙasar da Faransa ke mulki tsawo, ba ta zagayuwa, a tsaya a nemi takarda. Baffa ya ce ta gida ta fi, kuma da jaki yake zagaye ta. Ya tafi zagaye wannan ma, aka cafke shi aka mai da shi gida. Ina fita Baba ya ce in Baffa ya zo da tsohuwar gardamarsa, ya nemi wani masauki. Wannan magana ta tsaya mini a rai.

Lori riyal biyu. Ƙarfe takwas muna Bahra, askari ya duba takardu, na ci ful da tamis, wato wake da gurasa.

Jidda

Ƙarfe goma na sami Baffa a bakin teku, siriri, baki ba ya hutawa. Ko gaisuwa ba mu gama ba ya ce, "Har yanzu yana kan bakansa?"

Na shimfiɗa taswira a kan akwatinsa, na bi iyakokin biyu da zare. Ta gida ta fi, da kamar rabin yatsa. Har rawa ya taka. Ya ce in adana masa zaren kamar idona.

Komawa Makka

La'asar sakaliya muka iso. Baba na ƙofar gida a kan tabarma, ya ɗaure fuska. Suka daɗe suna kallon juna.

Baba ya ce, "Ka zagayo?"

"Na zagayo, Yaya. Da doguwa ce ai da ban iso ba."

Dariya ta ƙwace wa Baba, har da ƙwalla. Ya matsa masa a tabarmar, nan take suka ɗora daga inda suka tsaya. Can Baffa ya miƙo hannu, wai in ba shi zaren. Na san halin Baba in an kayar da shi, sai na ce ya faɗi a Bahra.

Shekara bakwai suka ƙara suna wannan gardama a tabarma ɗaya. Alhamdu lillahi da Ya dawo da mu lafiya. Zaren yana nan cikin akwatina.