Faɗuwar Namadi a Talabijin

Namadi manomi ne a Cake, amma an fi saninsa da kokowa. Da zarar an kai gero rumbu sai ya ɗaura walki, kuma duk ƙauyukan Mayahi ba wanda ya taɓa kai shi ƙasa.

Shekarar da aka buɗe wata sabuwar tashar talabijin ta wasanni, ƙwallon Turai kawai take nunawa. Da kaka ma'aikatanta suka zo Tasawa ɗaukar kokowa, wai za su gwada sabon shiri. Aka sa wa Namadi kamara a gaba, ya bugi ƙirji.

"Wanda zai kada ni, uwarsa ba ta haife shi ba tukuna!"

Aka haɗa shi da Laminu, wani siririn mutumin Kona. Ko gumi ba su yi ba Laminu ya shige ƙarƙashinsa, ya sure shi, ya shimfiɗe shi rigingine.

Da a da ne, maganar ta mutu a filin. Amma tashar ta ɗauki cika bakin da faɗuwar ta mai da su mabuɗin shirinta na kowane mako. Kafin damina tashar ta ƙaro dambe da langa, farantin kama tasha ya hau rumfar masu shayi har cikin Cake. Duk inda tashar ta kai, Namadi ya sake faɗuwa a can.

Ya daina zuwa kasuwa. Gona ma ta bayan gari yake bi. Matarsa Barira ta gaji.

"Malam, ƙasa ka taɓa, ba sata ka yi ba."

"Ba faɗuwar ba ce, Barira. Bakina ne."

Da kaka ta zagayo, sai ga Laminu a ƙofar gida, ya sauka daga babur na haya. Namadi ya so a ce ba ya nan, amma an riga an gan shi. Suka zauna kan tabarma, kowa na kallon ƙafarsa.

"Yaya, na roƙi mutanen tashar su cire hoton," in ji Laminu. "Sun ƙi."

Namadi ya ɗaga murya ya ce wa Barira ta damo fura ta baƙo. Bai sake shiga fili ba, amma ranar kasuwa ya raka Laminu har tashar mota, ta tsakiyar gari, kansa a sunkuye.