Ragon Yaya da Gonar Kafinta

Yayana tela ne, shagonsa na ƙofar gidanmu a unguwar Dutsen Kura ta Minna, kuma sai da ya haura arba'in sannan ya zama mayaƙi. A cikin waya fa. Wani wasa ne da ake yi ta intanet, mutane daga ko'ina su shiga, kowa ya zaɓi irin mutumin da yake so ya zama, a ba shi makami da gida da abin hawa, a sake shi a ƙasar dodanni. Yaya, wanda ko kaza sai an kira maƙwabci ya yanka masa, ya zaɓi wani ƙato mai gemu har ƙirji, riƙe da gatari. Abin hawansa kuwa rago ne mai fukafukai. Na tambaye shi dalilin da bai ɗauki doki ba, ya ce ni malamar firamare ce, ba zan gane ba.

Abokinsa ne ya jawo shi ciki, wani kafinta a Limawa da suka yi aji ɗaya tun suna sa gajeren wando. Iyayensa manoma ne daga wajen Zungeru, kiristoci. Da Kirsimeti shinkafarsu ta zo gidanmu, da Sallah cinyar ragonmu ta tafi nasu. Shi ya buga wa Yaya teburin yanka, Yaya ya ɗinka masa kayan aure. Ba sa kiran juna da suna, Tela ne da Kafinta. A wasan ma katanga ɗaya ta raba gidajensu, a wani tsohon gari na bakin kogi.

Kafinta ba ya yaƙi sai dole. Ikon Allah, mutum ya baro noma a ƙauye, ya zo birni, ya sayi waya, ya shiga duniyar aljanu, ya sake kama noma! Akwai wata shuka mai walƙiya da ba ta nuna sai bayan wata uku, kuma kullum sai an ba ta ruwa. Bai taɓa fashi ba. Matarsa ta ce mini ko ranar da ta haihu sai da ya leƙa gonar a ƙofar ɗakin haihuwa.

Saura kwana biyu girbi, Yaya ya dawo daga yaƙi, wata mata ta shigo karɓar ɗinki, ya ajiye waya bai ɗaure rago ba. Rago ya tsallake katanga ya cinye gonar tas.

Ina shagon ina duba littattafan yara Kafinta ya zo bayan la'asar, ko zama bai yi ba.

"Tela, ragonka ya ci gonana," ya ce, da Hausarsa ta Minna wadda ba ruwanta da mace ko namiji.

Yaya ya cire allura daga baki ya tuntsire da dariya, har da buga tebur. "Haba mutumina! Ai wasa ne."

Kafinta ya kalle shi. "To. Wasa ne," ya ce, ya juya.

Wata biyar ba su yi magana ba. Da Sallah ni na kai naman, matarsa ta karɓa, muka kalli juna muka girgiza kai. A wasan suna nan maƙwabta, ƙaton Yaya ya fito, manomin Kafinta ya fito, kowa ya kau da kai. Ƙafar teburin yanka ta fara rawa, Yaya ya ninke ƙyalle ya cusa a ƙarƙashi, da ma ba zai kira wani kafintan ba. Ya rame, wallahi. Ya ce zafi ne.

Sai waɗanda suka ƙirƙiro wasan suka sanar za su yi ƙari. Haka suke yi lokaci zuwa lokaci, su ƙara sabuwar ƙasa da sababbin dodanni, kamar mai gida ya ƙara ɗaki. Amma wannan karon ruwa ne zai cinye tsohon garin, ranar wata Alhamis da ƙarfe huɗu na yamma, a kwashe kowa zuwa tsibirai. Wanda yake son ya ci gaba da zama da maƙwabcinsa, sai su biyun kowa ya rubuta sunan ɗan'uwansa kafin lokacin. In ba haka ba a jefa kowa inda aka ga dama, kuma ɗan wannan tsibirin ba ya ganin ɗan wancan. Na san duk wannan ne domin Yaya ya bayyana wa keken ɗinkinsa sau uku, da ƙarfi, ina zaune.

Ƙarin na da girma, wayar ba wuri. Ya goge hotunan samfurin ɗinki, ya goge hotunan sunan ɗiyata, ya bar na ragon.

Ranar Alhamis na dawo makaranta da azahar na tarar ya janyo ƙofar shago rabi, ya sa hula, ya zauna a miƙe kamar mai jiran surukai. Na leƙa. Ƙatonsa yana bin gari gida-gida yana ƙwanƙwasawa.

"Yaya, me kake yi?"

"Ban kwana," ya ce.

Tarbiyyar mahaifiyarmu ce, Allah ya jiƙanta. A wurinta ba a tashi daga unguwa sai an zaga maƙwabta an nemi yafiya, ko da ba a taɓa saɓawa ba. To shi ne Yaya yake rubuta wa mutanen da bai san ƙasarsu ba, da Turancinsa na tela, cewa in ya taɓa yi musu laifi su yafe masa. Wani ya tura masa alamar tambaya. Wani ya ɗauka sata ya yi masa, ya zare takobi. Har wajen mai burodi ta bakin kasuwa ya je, wadda ba mutum ba ce, inji ne aka sa mata magana ɗaya tak.

"Ta yafe?" na tambaya.

"Ta ce burodi da zafinsa."

Na yi dariya har na riƙe ciki. "Haba Yaya, ai wasa ne."

Ya ɗago ya kalle ni, sai na daina dariya. Da gangan na faɗa, kuma ya san da gangan ne.

Na lura daga can ƙarshen gari ya fara, gidan da ke jikin nasa ya bari a ƙarshe. Ya zaga, ya sake zagawa, ya tsaya gyara wa rago sirdi. Wuta kuwa tun safe babu. Wayoyin lantarkin da suka taso daga madatsar ruwan Zungeru suna wucewa ta saman kanmu, mu namu ɗaga musu hannu. Batir ya yi ja. Ƙarfe uku da rabi ƙaton ya isa ƙofar Kafinta, ya ɗaga hannu zai ƙwanƙwasa, waya ta mutu.

Yaya ya ajiye ta a hankali. "Allah bai yi ba," ya ce.

Kai, raina ya ɓaci.

"Kada ka sa Allah a cikin taurin kanka, Yaya. Ka nemi yafiyar mai burodin da ba ta da rai, mutumin da ya ɗauki makarar mahaifiyarmu ka bar shi sai da batir ya ƙare? Limawa a wata ƙasa take? Tashi!"

Na tsayar da keken haya. Ya shiga yana cewa shi caji kawai zai je, tunda Kafinta na da sola. Ni ma na shiga, don wannan kallon ba zai wuce ni ba.

Mun tarar da Kafinta zaune kan wata ƙofar da bai gama gogewa ba, waya a hannu. Ya gaishe ni da fara'a, ya tambayi yara da makaranta. Yaya ya tsaya kamar an dasa shi.

"Caji na zo."

Kafinta ya nuna soket da haɓa. Yaya ya jona waya. Wani injin niƙa na ta ƙara a bayan layi.

"Tun safe ina kallonka ta taga," Kafinta ya ce, bai ɗago ba. "Har mai burodi ka je. Na ga ka ɗaga hannu a ƙofana, sai ka ɓace. Na ce to, ya fasa."

Yaya ya cire hula, ya rasa inda zai sa ta, ya mayar.

"Mutumina, ragona ya ci gonarka. Wata uku kana ba ta ruwa, na yi maka dariya. Ka yafe mini."

"Ba shukan ya dame ni ba, Tela. Dariyan ne."

"Na sani."

Wayar ta farka saura minti goma. Yaya ya buɗe shafin rubuta maƙwabci, shafin da bai taɓa buɗewa ba don tsoron ya same shi wayam. Sunansa na nan. Kafinta ya rubuta tun ranar da aka yi sanarwa, mako uku yana jira. Yaya ya rubuta sunan Kafinta, ya ce ƙurar katako ce ta shiga masa ido. Ni ma ta shiga nawa.

Ƙarfe huɗu ruwa ya taso. Suka haɗa kai a kan waya ɗaya, manyan mutane masu iyali, suna kallon kogi yana cin kasuwa, ya ci mai burodi, ya ci katangar, ya ci gidajen biyu. Kafinta ya ce ƙauyen kakansa ma haka ya tafi ƙarƙashin ruwa da aka gina madatsa, su dai ba su samu sun kalla ba.

Sannan ya miƙe ya ɗauki guduma, ya ce mu je ya ga ƙafar teburin nan da ya ji labari tana rawa. Yaya ya harare ni. A bakin ƙofa Kafinta ya sunkuya ya tsinci wata guntuwar igiya ya miƙa masa.

"Na rago," ya ce.

Tana nan har yau, rataye a ƙusa, saman keken ɗinkin.